Haraji a Kan Attajiri Mai Jinya: Waiwaye Cikin Tarihin Kasuwancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin Kano zai tarar kasuwa da haraji tare suke tafiya. Tun zamanin sarakunan Haɓe har zuwa yau, babu hukumar da ta mulki ƙasar nan ba tare da ta sa ido a kan abin da fatake da 'yan kasuwa suke samu ba. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan kuɗin ƙasa da jangali, da irin wahalar da manomi da makiyayi suka sha a kansu. Abin da nake son dubawa a wannan maƙala wani ɗan lungu ne na wannan tarihi wanda ba a cika leƙa shi ba, watau halin da attajiri yake shiga idan hukuma ta yanka masa haraji, ya ce abin ya yi yawa, sa'annan kafin a warware maganar ciwo mai tsanani ya kwantar da shi.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, kuma wani yanki na waɗannan shekaru a ofishin tara kuɗin shiga na yi shi. Abin da na fahimta daga aikin, da kuma abin da na karanta bayan na yi ritaya, shi ne hukuma takan auna attajirinmu da sunansa da abin da ido yake gani, alhali kuwa kasuwancinsa a cikin kansa yake da ƙafafunsa. Ranar da ya kwanta samu yakan tsaya, amma suna yana nan, saboda haka haraji ma yana nan. Hanyar samun sauƙi ita ce ya fito ya ce ya karye, wannan kuwa ita ce kalmar da ɗan kasuwa ya fi tsoron furtawa. Zan bi wannan matsala tun daga tushenta, domin malaman makaranta su sami abin da za su ƙara wa ɗalibai, dattawa kuma su gwada da abin da suka gani da idonsu.

Harajin 'Yan Kasuwa Kafin Zuwan Turawa

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Kutumbi (1623-1648) ne ya fara karɓar jangali daga Fulani. Bayansa Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731) ya ƙirƙiro hanyoyi 7 na tara kuɗi, ciki har da haraji a Kasuwar Kurmi. Ɗansa Kumbari (1731-1743) ya tsananta wannan haraji har kasuwar ta kusa mutuwa, ya kuma ɗora wa malamai nasu. Sakamakon haka Larabawan da suke ciniki a birni suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka watse cikin ƙauyuka.

Akwai abin lura a nan. A wancan zamani babbar kariyar ɗan kasuwa daga haraji mai nauyi ita ce ƙafarsa. Idan sarki ya matsa, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Katsina ko Zazzau ko Borno, kuma sarakuna sun san da haka, shi ya sa mai hankali daga cikinsu yakan sassauta. To, wanda yake kwance ba shi da wannan kariya. Shi da gidansa da rumbunansa duk suna hannu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Hausa da su. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da abin da ake ɗora wa fatake, har da al'adar ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasar sarki da sunan gado. Wannan na ƙarshe ya nuna mana cewa baƙon attajiri da ciwo ya kama a wani gari yana da abin tsoro fiye da ciwon kansa.

Duk da haka, bayan jihadi haraje-haraje ba su ƙare ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace karofi wuri 700, kuma a birni kaɗai akwai karofi fiye da 2,000. Kowane dabino ma wuri 600 ne a shekara. Idan aka duba za a ga ma'aunin duk iri ɗaya ne, watau abin da za a iya tsayawa a ƙirga: gida, rami, itace. Ramin rini kuwa ba ya nuna ko marinin yana tsaye a kansa ko yana kwance a ɗaki.

Ma'aunin Zakka

A gefen waɗannan akwai wani ma'auni dabam wanda duk attajirin Kano ya san shi daga zauren malaminsa, watau na zakkar kayan ciniki kamar yadda take a Risala da Muhtasar. Mai jujjuya kaya kullum yakan zaɓi wata guda a shekara, ya kimanta hajarsa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire bashin da ake binsa idan ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, sa'annan ya fitar da 1 cikin 40 idan abin ya kai nisabi. Mai ajiye kaya yana jiran farashi kuwa sai ranar da ya sayar. Bashin da aka fid da rai da shi ba a lissafa shi sai ya shigo hannu.

Hikimar wannan tsari ita ce yana duba abin da yake akwai a ranar lissafi. Idan jinya ta cinye rabin jari, zakka da kanta za ta ragu, ba tare da mutum ya je gaban kowa ya roƙa ba. Haka kuma fiƙihu ya yi tanadi na musamman ga mai ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa. Yana iya saye da sayarwa a kan farashin da ya dace, yana iya naɗa wakili, amma kyautarsa ba ta wuce sulusin dukiyarsa. In ya rasu, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara biya, sa'annan wasiyya, sa'annan gado. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara kuma ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Da wannan fahimta attajirinmu ya tashi, kuma da ita yake auna adalcin duk wata karɓa da hukuma ta zo masa da ita.

Zamanin En'e

Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Gwamnatin Lugga ta fara da ɗora wa ayarin fatake kuɗin fito, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi har iyakar kashi 15, kafin a soke shi a 1907. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta nufi haɗe tsofaffin karɓe-karɓe su zama haraji guda. Aka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka fara auna gonaki da taki, sannu a hankali kuma wuri ya kau, fam da sule suka maye gurbinsa.

Ga talaka, tsarin da ya fi yawa shi ne a yanka wa gari ko unguwa jimla, sa'annan dagaci da mai unguwa da dattawa su raba ta bisa ƙarfin kowa. Akan ɗauke wa tsoho tukuf da makaho da kuturu da gurgu, da wanda ciwo ya daɗe da kwantarwa. Wannan tsari yana da aibinsa, kuma tun kafuwarta a watan Agusta 1950 jam'iyyar NEPU ta yi ta fallasa zaluncin da ake yi wajen rabo da karɓa, kamar shanya mutum a rana da duka da ƙari a kan abin da aka yanka. Amma yana da abu guda mai amfani: mai rabon maƙwabci ne. Ya san wanda yake kwance tun damina, kuma yana iya rage masa cikin sirri, a watsa nauyin a kan sauran jama'a.

Attajiri bai sami wannan inuwa ba. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, aka sami manyan dillalan kamfanonin Turawa irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, ga kuma masu goro da fata da shanu. Daga baya hukuma ta ware irin waɗannan mutane tana yanka wa kowa nasa shi kaɗai, abin da jama'a suka sani da kuɗin masu arziki. Tun da galibinsu ba su ajiye littafin lissafi irin wanda Bature zai karanta, sai a koma ga kintace. A dubi gida da soro, a dubi doki ko mota, a dubi yawan yara da sito da abin da ya saya bara. Duk waɗannan abubuwa ne da ba sa canzawa a watan da mutum ya kwanta. Motar tana nan a ƙofar gida, yara suna nan a zaure, ana kuma ci gaba da fitar da tuwo.

Inda Kasuwancin Yake Zaune

Domin a gane nauyin wannan matsala dole a fahimci yadda cinikin Bahaushe yake. Tun zamanin fataucin Gwanja, jarin maigida na gaskiya shi ne amana. Ana ba shi kaya bashi saboda fuskarsa, shi kuma ya rarraba wa yaransa da abokan cinikinsa bashi saboda ya san iyayensu da garuruwansu. A harkar gyaɗa kamfani yakan ba babban dillali kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya ba yaransa su shiga ƙauyuka da sikeli. Cinikin na 'yan watannin rani ne. Wanda ciwo ya kama a farkon kaka ya yi asarar shekara ɗungurungum, ga kuɗin kamfani a wuyansa, ga shi a warwatse a hannun mutanen da shi kaɗai ya san adadin abin da kowa ya karɓa.

A nan rufin asiri yake shigowa. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na attajiri ba a so a gan shi. Da zarar labari ya bazu cewa Alhaji ya kwanta kuma ba a san tashinsa ba, abubuwa biyu ne suke faruwa a rana ɗaya: masu binsa bashi su cika zaure, waɗanda yake bi kuma su ɓace. Saboda haka iyali sukan ɓoye ciwon iyakar iyawarsu. Sai a ce ɗan zazzaɓi ne, ko ya yi tafiya, ko likita ya ce ya huta. Wannan ɓoyo da yake kare shi daga masu bashi, shi ne kuma yake hana shi samun sauƙi wajen hukuma, domin hukuma ba ta rage wa wanda bai kawo hujja ba. Ya zama gaba kura baya sayaki.

Labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa, yana nuna yadda shiri yake raba mutum da wannan tarko. An haife shi a Bebeji a 1877. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya mai da harkarsa kamfani mai suna, yana da akawuna da mai kula da kuɗi. Da ciwo ya tsananta masa a 1955, ya kira babban mai kula da kuɗinsa da 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare kada su bar kamfanin ya rushe. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa a unguwar Sarari. Kamfanin ya ci gaba a hannun 'ya'yansa, cikinsu har da Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu wanda ya rasu a watan Yuni 2025. Dattawa sun san gidajen arziki nawa ne na zamaninsa waɗanda yau sai dai a nuna ƙofa a ce nan ne gidan wane. Abin da ya bambanta su shi ne dukiyar Ɗantata ta riga ta fita daga kansa ta shiga takarda tun yana da lafiya.

Daga Mai Unguwa Zuwa Fayil

Bayan samun 'yancin kai, dokar tarayya ta 1961 ta shimfiɗa ƙa'idojin harajin samun mutum, Jihar Arewa kuma ta yi tata dokar a 1962 wadda ta raba harajin jama'a da harajin da ake yanka wa mutum shi kaɗai. Harajin kamfanoni ya zama na gwamnatin tarayya. A watan Oktoba 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wannan ya sauke wa talaka kaya, amma bai shafi harajin ribar ɗan kasuwa ba.

Sabon tsarin ya zo da ƙa'idoji guda 3 waɗanda suka fi cutar mai jinya. Ta farko, harajin bana a kan ribar bara ake lissafa shi, watau a shekarar ciwo ake neman kuɗin shekarar lafiya. Ta biyu, wanda bai kawo bayanin samunsa ba, jami'i yana da ikon ya kintata masa gwargwadon abin da ya ga ya dace. Ta uku, wanda bai yarda ba dole ya rubuta ƙorafi cikin wa'adi, in wa'adin ya wuce kintacen ya zama tabbatacce, tara kuma ta hau. Bugu da ƙari, takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 ta zama mabuɗin kwangila da lasisi iri-iri. Mai unguwa ya fita daga cikin maganar, fayil ya maye gurbinsa.

Wata Rigima da Na Gani

A ƙarshen shekarun 1980, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin haraji, na ga yadda waɗannan ƙa'idoji suka haɗu a kan mutum guda. Zan sakaya sunansa da garinsa saboda zuriyarsa suna nan. Dillalin atamfa da yadi ne, yana da kanti 3, yana karɓar kaya bashi daga masaƙu ya rarraba wa masu sari. A watan Satumba 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar canjin kuɗi, dala ɗaya ta haura naira 4, farashin kaya ya tashi. Kuɗin da ke ratsa hannun Alhaji suka ninka a ido, alhali dilolin da yake iya saye sun ragu. Da aka kintata masa haraji bisa kantunansa da motarsa, ya zo da kansa ya ce bai yarda ba. Aka ce ya rubuto, ya haɗo da lissafi. Ya tafi neman akawun da zai tsara masa.

A cikin makon nan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, aka ce wa 'yan kasuwa yana hutawa. Takardar tuni ta je kanti, yaransa suka sa ta a aljihun tebur suna jiran ya tashi, domin babu mai ikon buɗe wasiƙar maigida. Wa'adi ya wuce, tara ta hau. Da lokacin matsa wa masu taurin bashi ya zo, aka je aka sa wa kantunan kwaɗo da rana tsaka, kasuwa tana ci. Kafin la'asar duk wanda yake binsa ko sisi ya ji labari.

Bayan kwana biyu babban ɗansa, wanda yake ɗalibi a lokacin, ya zo ofis tare da mai unguwarsu. Ni ne mai rubuta abin da aka tattauna. Yaron ya durƙusa ya ce wa shugabanmu, "Ranka ya daɗe, Baba wata huɗu ke nan bai taka ƙasa ba, magana ma da ƙyar."

Shugaban ya ce, "To, me ya hana ku sanar da mu tun farko?"

Mai unguwa ya ce, "Yallaɓai, da sun faɗa, da kantunan ba su kai ranar da kuka rufe su ba."

Shugaban nan mutum ne mai tsoron Allah. Ya nemi takardar likita, ya kuma tura mu gidan. Muka tarar da Alhaji a kishingiɗe, ya gane mu sarai. Da hannun hagu ya nuna wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Cikinsa ƙananan takardu ne cunkus, an rubuta su da ajami, kowace da sunan mutum da garinsu da yawan turmi da abin da ya rage. Wannan shi ne littafin lissafinsa, kuma cikakke ne, sai dai babu wanda ya taɓa tambayarsa a wannan siffa. Aka ɗauko malamin da yake ba shi karatu a zaure yana karantawa, muna juyawa zuwa boko. Da muka tashi tafiya ya yi ta ƙoƙarin magana, ɗansa ya kara kunne, sa'annan ya ce mana, "Wai kada a ce ya ci kuɗin hukuma."

Lissafin ya nuna yawancin kayan da ke kantunan na masaƙu ne, kuma kaso mai yawa na jarinsa yana hannun masu sari. Aka bi matakan da doka ta tanada, aka ɗauke tarar, aka rage harajin ƙwarai, aka yarda a biya kaɗan-kaɗan, aka cire kwaɗo. Ta fuskar fayil an yi adalci. Amma masu kaya sun riga sun kwashe kayansu, masu sari da yawa kuma ba a sake ganin ƙeyarsu ba. Cikin kanti 3 ɗaya ya tsira. Alhaji ya rasu a shekarar da ta biyo, aka biya ragowar harajin da sauran basussuka daga cikin abin da ya bari kafin a raba gado. Babu wanda ya karya doka a cikin wannan al'amari, jami'i ya bi ƙa'idarsa, iyali sun bi al'adarsu, kuma tsakanin biyun arzikin shekaru ya zube.

Dokokin Baya-bayan Nan

Dokar harajin samun mutum ta 1993 ta sa wa'adin ƙorafi kwana 30, ta yarda a yi hulɗa da wakili ko mai kula da dukiyar wanda ba ya iya tsayawa da kansa, ta kuma ba gwamna ikon yafe haraji duka ko wani sashe idan adalci ya nuna haka. Dokar 2007 ta kafa kotun sauraron ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma aka ajiye ta a Kaduna. A watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, aka sa Janairu 2026 ya zama lokacin fara aiki da manyan cikinsu. Sun ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, sun kuma kafa ofishi na musamman mai karɓar koken masu biyan haraji.

Waɗannan duk ci gaba ne. Sai dai kowace ƙofa daga cikinsu da takarda ake buɗe ta, kuma cikin lokaci. Har yau a Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai akwai masu jujjuya miliyoyi waɗanda lissafinsu yana kansu ko a wayar hannunsu, wadda babu wanda ya san lambar buɗe ta sai su. Akwatin ƙarfen Alhaji ya fi wannan, domin shi ana iya buɗe shi a karanta.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa daga karofin da Barth ya ƙirga zuwa kantin da aka sa wa kwaɗo, hukuma abin da take gani take aunawa. Zakka ce kaɗai ta auna abin da ke hannu, mai unguwa ne kaɗai ya san wanda ke kwance. Tun da ba za a koma zamanin En'e ba, abin da ya rage shi ne a ɗauko amfanin waɗannan biyu a sa cikin tsarin yau.

Ga 'yan kasuwa da iyalansu, rigakafi ya fi magani. A rubuta bashi da kaya, ko da ajami ne, a ajiye inda mutum biyu amintattu suka sani. A naɗa wakili a rubuce tun ana da lafiya. Idan ciwo ya zo, a kai takardar likita ofishin haraji tun wa'adi bai wuce ba, a karɓi shaidar an kai. Ya kamata a sani cewa doka ta ɗora wa ma'aikacin haraji ɓoye sirrin mai biya, saboda haka gaya wa ofis dabam ne da gaya wa kasuwa.

Ga hukuma, kafin a rufe kantin mutumin da ya saba biya sa'annan ya yi shiru, a tambayi shugaban kasuwarsu ko mai unguwarsu cikin sirri. Tambayar ba ta cin ko kwabo, kwaɗo kuwa yana iya kashe gidan da zai yi shekaru yana biyan haraji.

Ga malaman makaranta, ina roƙon a koya wa yara ajiye lissafin ciniki da misalan kasuwanninmu, a kuma tura su wajen kakanninsu su tambayi yadda aka yi rabon haraji a unguwarsu. Rahotannin kintacen haraji na zamanin Turawa suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, amma muryar hukuma ce a cikinsu. Muryar mai biya tana cikin tsofaffin rasiɗai da takardun ajami da ke cikin akwatunan gidajenmu, inda gara take cin su. Duk dattijon da yake da irinsu ya taimaka a adana, domin da su ne na baya za su rubuta ɗaya ɓangaren wannan tarihi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri, Ya jiƙan magabatanmu, amin.